Zuwa ga ɗana, kan ciwon kan da yake ɓoye mini

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ƙanwarka ce ta kasa riƙe maganar, kada ka ga laifinta. Ta ce kullum da yamma sai ka dafe ƙeyarka ta dama, ciwon ya hauro har bayan ido, ka haɗiyi ƙwaya ka koma gaban kwamfuta. Ni da na haife ka sai a bakin wani zan ji?

Ba kowane ciwon kai ne yake tasowa daga kai ba. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, jijiyoyin da ke fitowa daga ukun sama kuwa suna haɗuwa da wadda ke ɗauko zafi daga goshi da ido, shi ya sa matsalar tana wuya amma a kai ake jin ta. Irin wannan yakan tsaya gefe guda, yakan tashi in an waiwaya ko an daɗe a sunkuye. Likita zai sunkuyar da kanka ya juya shi hagu da dama ya ga inda ya ƙage, ya danna saman wuya ya ga ko ciwon zai motsa. Hoto na iya fitowa fes alhali ciwon na nan. Wani lokaci sai an yi allurar kashe zafi a gaɓar da ake zargi. In ciwon ya ɗauke, an gano tushensa.

Amma ƙwayar nan ce ke hana ni barci. Mai shan parasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har ya wuce wata 3 a haka, maganin da kansa yakan koma jawo masa ciwon kai. Ibufurofen kuma yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Ka manta yadda muka kwana da kawunka? Shi ma "ba komai" yake ta cewa. Ka fi shi ƙarfi ne? Wannan sakaci ne, kuma ban yarda da shi ba.

Ka ce na cika damuwa, na ji, uwa ce ni. Ka rubuta lokacin da ciwon ke tashi da abin da kake yi a lokacin, ka kai wa likita cikin makon nan. Kada ka bari kowa ya murɗe maka wuya kafin a duba ka. In kuwa zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ko ciwon ya sare ka farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Ka kira ni in ka fito daga wurin likita. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka