Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Kwamfuta na Makarantarmu

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, aikin da kuka ɗora mana ya kammala, alhamdu lillahi. An gyara ɗakin kwamfuta, an miƙa makulli ga shugaban makaranta, yara kuma sun fara shiga. Ga yadda abin ya gudana.

Ranar da muka fara zuwa duba ɗakin, sai da maigadi ya sa guduma kafin kwaɗo ya buɗu. Warin kashin jemage ne ya fara tarbar mu. Iskar damina ta yaye kwano ta kusurwar gabas, ruwa ya jiƙa silin har ya rufto, gara ta cinye katakon rufi. Tsofaffin kwamfutocin da aka taɓa kawowa suna jere a kan tebura an lulluɓe su da leda, wasu ko sau ɗaya ba a kunna su ba don babu wuta. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai, a ajin da ke kusa muka gan shi. Malamin kwamfuta ya zana allon madannai da alli, harafi bayan harafi, ya zana linzami, wato abin da ake turawa da hannu don motsa kibiya a fuskar kwamfuta, har da wayarsa, yara suna kwafa a littafi. Bawan Allah nan iya ƙoƙarinsa ke nan, ba shi da laifi ko kaɗan.

Daga nan muka fahimci cewa aikin ya wuce na kwano da siminti. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje. Ɗanmu zai iya haddace littafi daga bango zuwa bango, amma idan ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban na'ura, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya, ya faɗi ba don rashin sani ba. Najeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988. Waɗanda aka haifa a waccan shekarar su ne iyayen yara a yau, ga shi 'ya'yansu suna koyon linzami a jikin allo.

Rufi muka fara yi kafin ruwa ya sauka. Kafinta ya sauke katakon duka, aka sa sabo da aka shafe da maganin gara, aka buga sabon kwano da silin. Magini ya toshe tsagar bango, ya yi filasta, aka sake daɓe aka shimfiɗa tayil, aka yi fenti. Wannan bai ba mu wahala ba.

Tagogi ne suka ja muhawara. Wasu sun so a bar su a buɗe da raga saboda zafi, wasu suka ce ƙurar hunturu ta fi zafi illa, domin ita ce ke toshe fankar cikin na'ura har ta yi zafi ta mutu. A ƙarshe aka sa gilashi mai zugewa, mai walda ya yi ƙarafan tsaro da ƙofar ƙarfe, aka ƙara fankokin sama, aka ɗinka wa kowace na'ura riga.

Sai maganar wuta, wadda ta fi komai cin kuɗi da lokaci. Da farko an kawo shawarar janareto don ya fi araha a saye. Ma'ajinmu ya tashi ya yi tambaya ɗaya: wa zai riƙa zuba mai? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san makarantar da alli ma ke yi mata wuya ba za ta iya ciyar da janareto ba. Muka tsaya kan sola, da inbata da batura. Wannan ne kuma ya sa muka sayi kwamfutocin tafi-da-gidanka maimakon manya na kan tebur, don ba sa cin ko rabin wutar da manyan ke ci, kuma ko an sami tangarɗa batirinsu zai riƙe darasi ya kai ƙarshe. Kowace mun haɗa mata linzami, an ɗaure ta da tebur. Cikin tsofaffin na'urorin, waɗanda suka tashi an gyara su, matattun kuma ba mu zubar ba. An ajiye su yara su riƙa kwancewa suna ganin ciki, domin ƙasar nan tana buƙatar masu gyara kamar yadda take buƙatar masu rubuta manhaja.

Dole mu faɗa muku inda muka yi tuntuɓe. Wanda aka fara bai wa aikin haɗa wayoyi ya sa siririyar waya wadda ba ita aka biya ba. Ranar gwaji, da aka kunna na'urori gaba ɗaya, wani ɗan kwamiti ya taɓa bango kusa da soket ya ji ɗumi. Muka sa aka zare wayar duka aka sake, aka binne sandar kariya daga tsawa wadda shi ma bai sa ba. Abin ya jawo jinkiri da ƙarin kashe kuɗi, kuma sakacinmu ne da ba mu ajiye mai sa ido ba tun farko. Muna neman afuwa.

Ranar buɗewa wata yarinya 'yar aji huɗu ta zauna, malam ya ce ta matsa linzami sama. Sai ta ɗaga shi sama a iska, tana kallon fuskar na'urar tana jira. Babu wanda ya yi dariya. Malama ta dafa hannunta ta sauke shi kan tebur, suka tura tare, kibiya ta motsa. Kafin a tashi ta rubuta sunanta da na mahaifiyarta, har da ƙ da ɗ masu lanƙwasa, don mun sa an ɗora madannan Hausa a kowace na'ura. Yanzu 'yan aji shida suna gwajin jarrabawa irin ta JAMB, sun san A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na wucewa gaba, P na komawa baya.

Gwamnati na maganar samar da ma'aikatan fasahar zamani. An kafa hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, wato NITDA, tun 2001, cibiyar horar da fasahar sadarwa ta Digital Bridge Institute tana da reshe a Kano, a 2023 kuma aka ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan 3. Muna maraba da duk wannan. Sai dai ta intanet ake cike takardar shiga irin waɗannan shirye-shirye, kuma wanda bai taɓa buga harafi ba ko bakin ƙofar ba zai kai ba. A ganinmu daga ɗaki irin wannan ake fara ƙirga miliyan ukun.

Abin da ke damun mu yanzu malami ne. Wanda ya ƙware a wannan fanni, banki ko kamfanin sadarwa na ganin sa zai ɗauke shi, wani ma ƙasar waje zai nufa, kuma ba mai ganin laifinsa. Shi ya sa muka ware wani abu daga ragowar kuɗi aka horar da ƙarin malamai biyu daga cikin na makarantar, namiji da mace, don kada tafiyar mutum ɗaya ta sake rufe ɗakin.

Saura kuɗin intanet na wata-wata, da asusun canjin batura idan lokacinsu ya yi, da mai wanke farantan sola musamman da hunturu. Kwamiti na roƙon babban taro ya yanke shawara a kan waɗannan. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla, rasiɗai kuma suna nan ga duk mai son dubawa. Makulli ɗaya yana hannun shugaban makaranta, ɗaya yana hannun malamin kwamfuta, an kuma manna jadawalin shiga na kowane aji a jikin ƙofa, da ranar Asabar da safe ga 'yan aji shida.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti, a madadin sauran 'yan kwamiti.