Amsa ga tsohon ɗalibina kan ChatGPT da binciken siyasa

Assalamu alaikum, ƙanena.

Na saurari shirin da aka yi da kai a rediyo ranar Asabar, na kuma ji tambayar da ka jefo mini har da kiran sunana: wai me ya sa nake hana ɗalibai amfani da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi a rubuce, wajen rubuta binciken kammala digiri, tsoro nake ji na'ura ta fi ni sani, ko kuwa kasuwar handaut ɗina nake karewa? Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Maganar handaut ce ta ƙona mini rai. Ka zauna a ajina a Samaru, ka san ban taɓa karɓar ko sisin kwabo daga hannun ɗalibi ba, abokan karatunka kuma suna raye, a tambaye su. Mutumin da ya bi bincikenka shafi bayan shafi da jan biro bai cancanci wannan ƙazafi daga bakinka ba, balle a shirin da ka rufe da tallar kwas ɗinka na koyar da ƙirƙirarriyar basira, har da faɗin kuɗin rajista. Neman halal ba laifi ba ne, amma kada ka nema da mutuncin malaminka.

Batun tsoro ba zan tsaya a kansa ba. Ni ban ma hana kowa taɓa manhajar ba. Mai son ta gyara masa Turanci, ko ta taƙaita masa abin da ya riga ya karanta, bismillah. Abin da na hana shi ne a kafa hujja da ita.

Kai da kake koyar da ita ka san yadda take. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, akasarinsu na Turanci daga intanet, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa muryarta ɗaya ce, da inda ta sani da inda ba ta sani ba, duk da tabbaci take magana. A 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun kawo wa kotu shari'u shida da ba a taɓa yin su ba, ChatGPT ce ta ƙaga musu. Ni ma an kawo mini aiki da sunayen marubuta na gaskiya manne da littattafan da ba su rubuta ba, har da lambar shafi. Da na tambayi yaron inda ya ga littafin, sai ya sunkuyar da kai.

A siyasarmu abin ya fi muni. Ka ce ɗalibi ya binciki gwagwarmayar Hajiya Gambo Sawaba a Sabon Gari, ko yadda jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta shigo ƙasar Zazzau, ko dalilin da ya sa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979, ko tsige Balarabe Musa daga kujerar gwamnan Kaduna a 1981. Ina amsoshin suke? Suna cikin tsofaffin kwafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, da jaridar New Nigerian, da fayilolin Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Arewa House, da bakin dattawan da suka sha ɗauri. Mafi yawan wannan bai hau intanet ba, ko manhajar da ke leƙa intanet ɗin ba ta ganinsa. Abin da ya cika intanet kuwa, musamman lokacin zaɓe, rubutun sojojin baka ne, shi za ta tace ta miƙo wa yaro cikin kyakkyawan lafazi.

A zaurukan birnin Zariya, almajirin hadisi ba ya karɓar ruwaya sai ya san isnadinta, wa ya ji daga wa. Abin da nake nema ga ɗalibin kimiyyar siyasa ke nan, bai wuce haka ba.

Da ma wannan kuzari naka ka juya shi kan masu riƙe da kuɗin ilimi. Jaridunmu na Hausa suna rubewa a kan kantoci, gara na ci, dattawan jam'iyyun NEPU da NPC sun kusa ƙarewa ba a naɗi muryoyinsu ba, amma kullum taro ake yi a otal kan fasahar zamani. Wa zai ɗauki hoton waɗannan takardu ya sa a intanet? Irinku ne kuka iya aikin, kuma da kun yi, manhajar taku ma da ta rage shirme a kanmu.

Zangon karatu mai zuwa ƙa'idata tana nan: duk wanda ya ambaci littafi, zai kawo mini shafin in gani da idona. Idan gidan rediyon zai ba da lokaci, a shirye nake mu zauna tare, ka zo da wayarka, ni in zo da jaridun 1981. Kafin nan ina jiran ka janye maganar handaut a inda ka faɗe ta.

Wassalam.
Malaminka,
Samaru, Zariya.