Ma'aikacin gidan waya da ya gano yadda kunne ke ji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirin da kuka yi albarkacin Ranar Ji ta Duniya, 3 ga Maris, Allah ya saka da alheri. Sai dai kusan rabin lokacin ya tafi a kan dauɗar kunne da hana mutane sosa shi da tsinken ashana ko gashin kaza. Gaskiya ne, amma a bakin ƙofa kuka tsaya, alhali ɓarnar tana can ƙuryar ɗaki.

Yayana ya haura shekara 20 yana tsaye a kan injin niƙa. Yau in babbar mota ta wuce a titi yana ji, in aka buga ganga yana ji, amma jikarsa sai ta tsaya a gabansa tana magana ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki. Matarsa kuwa cewa take yi, "Ji yake yi sarai, abin da ya ga dama ne yake amsawa." Ba zaɓe yake yi ba, kuma wanda bincikensa ya taimaka aka gane dalilin hakan shi ne Georg von Békésy, mutumin ƙasar Hangari, wanda aka haifa a Budapest a 1899.

Abin da ya ja hankalina gare shi, da yake ni ma kimiyya nake koyarwa, shi ne ba likita ba ne. Fiziks ya karanta, ya kama aiki a ɗakin binciken wayar tarho na gidan wayan ƙasarsu. Yana neman yadda za a gyara ingancin murya a waya, sai tambayar ta kai shi ga kunnen da ake kara wayar a kai.

Can bayan dodon kunne, cikin ƙashi mai tauri, akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wanda in an warware shi bai wuce milimita 35 ba. Békésy ya riƙa buɗe wannan katantanwa a kunnuwan gawawwaki da na dabbobi, har da na giwa, da kayan aikin da ya ƙera da hannunsa. Sai ya barbaɗa garin azurfa a kan siririyar fatar da ke shimfiɗe a ciki, ya saki sauti, ya leƙa ta madubin likita. Ya ga motsi yana bin fatar kamar an kaɗa tabarma daga gefe ɗaya, kuma kowane sauti da inda yake fi girgiza ta. Bakin katantanwar a ɗaure yake tamau, kamar kalangun da aka matse a hammata, shi ke karɓar siririn sauti. Can ciki a sake yake, nan ne na kakkaura. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961, lokacin yana Jami'ar Harvard a Amurka. Ya rasu a Hawai a 1972.

To, ƙarar inji ta fi cin ɓangaren da ke kusa da bakin, shi ya sa yayana yake jin kakkauran sauti irin na ganga da babbar mota, amma siririn sauti irin na muryar jikarsa yake kuɓuce masa. Ƙwayoyin halitta masu gashi da ke jere a kan fatar, kusan 16,000 a kowane kunne, in suka mutu ba sa sake tsirowa. A 1988 an gano na tsuntsaye suna tsirowa, wato a nan kaza ta fi mu gata.

Ban ce Békésy ya gama komai ba. Mataccen kunne ya yi aiki da shi, dole sai da sauti mai ƙarfi sosai, don haka bai ga cewa rayayyen kunne yana ƙara wa sauti ƙarfi da kansa ba. Wani masanin kimiyya, David Kemp, ne a Landan, a 1978, ya nuna cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wani ɗan sauti waje. Da wannan ne yanzu ake gwada jin jariri tun kafin suna, yana barci, cikin 'yan mintoci.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake shirin. Ku tambayi likitocin kunne inda mai jego za ta sami wannan gwaji a yankinmu da abin da za ta biya. Ku kuma gayyato masu niƙa, da masu walda, da masu gyaran janareta, da samarin da ke kwana kusa da lasifika a gidajen biki, a nuna musu abin toshe kunne na gaske, don auduga ba ta tare ƙara yadda suke zato. Autan yayan nawa shekararsa 14, kuma tun hutun da ya wuce ya fara bin babansa wurin injin.

Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
Wani malamin makaranta daga Funtuwa