Kafin a ɗaura wa motar gudu kular baƙin mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu ƙananan motocin gudu, da kuma 'yan'uwana makanikai, a kan wani aiki da ya fara yawa a garejojinmu. Aikin shi ne ɗaura wa inji ƙaramin lagireto na baƙin mai, wanda masu sana'a ke kira oyil-kula. Bazara na kunno kai, a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma da zarar mai mota ya ga allurar zafi ta ɗaga sai ya ce a sa masa kula. Ba laifi ba ne, amma aiki ne da ke fitar da jinin inji daga cikin ƙarfe ya bi da shi ta tiyo zuwa gaban mota ya dawo. In an yi shi da ka, maganin kan fi cutar illa.

Zan ɗauki Nissan 370Z a matsayin misali, domin ita ce ta yi suna da wannan matsala. Ta fito a 2009 da inji VQ37VHR mai lita 3.7, wanda ke juyawa har 7,500 a minti, kuma na farko-farkon da aka sayar a Amurka ba su zo da kular baƙin mai ba. In aka matsa mata a filin tsere, mai kan yi zafi har wajen digiri 138, daga nan kwamfutar motar ta rage wa inji ƙarfi don ta cece shi, direba ya taka totur ya ji kamar an riƙe motar ta baya. Sai daga ƙirar 2012 kamfanin ya sa mata ƙaramar kula mai aiki da ruwan lagireto. Saboda haka tambayar farko ita ce shekarar motar, ta biyu kuma abin da ake yi da ita.

A fara da awo. Ita 370Z tana da agogon zafin baƙin mai a saman dashbod, wanda tasa ba ta da shi ya sa na daban, domin allurar da ke yawancin motoci zafin ruwa take nunawa, ba na mai ba. Baƙin mai ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 90 da 110. A wannan zafi ne raɓar ruwa da ɗigon fetur da suka sauka cikinsa ke ƙonewa su fice. Daga 120 zuwa sama yana tsinkewa, matsinsa ya ragu, kuma a ƙiyasin da aka saba kowane ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewarsa. Motar da ke tsayawa a 105 a hanyar Kaduna zuwa Abuja da tsakar rana ba ta buƙatar komai. Wadda ke kai 125 ko 130 a tsere, ko a wasan jan taya inda inji ke kuka amma iska ba ta shiga ta gaba sosai, ita ce abin magana. Ko ita ma a duba lagireto ko ya toshe, fanka na tashi ko ba ta tashi, man ya kai geji, kuma irin wanda kamfani ya ce ne. Na 370Z 5W-30 ne, wajen lita 4.9 har da filta. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

In an tabbatar ana buƙata, sai zaɓe. Kula iri biyu ce. Akwai mai bututu guda da ke lanƙwasa yana kai da komo cikin siraran ganye, akwai kuma mai faranti jere bisa jere, irin ta kamfanin Setrab ko Mocal. Ta biyun ita ce ta inji, domin mai na rarrabuwa cikin layuka da yawa lokaci guda, ba ta cin matsi sosai, tana kuma jure duka. Girmanta da yawan layuka ake faɗa. Ga 370Z, mai layi 19 ta ishi wanda ke yawo a gari yana ɗan sakin ƙafa jefi-jefi, mai 25 ta fi dacewa da zafinmu, mai 34 kuwa ta masu shiga fili ce da gaske. Kada girma ya ruɗi mutum, domin duk faɗin da kula ta ci a gaba, iskar kwandensan AC da ta lagireto ta tare. An ga motar da manta ya yi sanyi ruwanta ya soma tafasa.

Abu biyu nake roƙon a guje musu. Na ɗaya, kular man giya. Tana kama da ita, ta fi araha, amma hanyoyinta ƙanana ne, za ta shaƙe inji. Na biyu, kula 'yar Beljiyam. Injin da ya buga yakan watsa garin ƙarfe cikin mai, garin ya maƙale a lungunan farantan, kuma ko an wanke da fetur sau goma ba ya fita duka. Ba ka san injin da ta baro ba. Mai sayarwa zai ce ai filta na gaba, za ta kama. Gaskiya ne a wannan tsari mai na bi ta kula kafin ya shiga filta, sai dai filta na da bawul da ke buɗewa in mai ya yi kauri da sanyin safiya, a lokacin kuwa datti kai tsaye yake wucewa zuwa metal ɗin kiranshaf, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu. A sayi taya ko fitila ta hannu, amma wannan kam sabuwa.

Hanyar fitar da mai daga inji faifai ne mai kauri da ake sawa tsakanin inji da filta, yana da ƙofar fita da ta dawowa. Zaren filtar 370Z na milimita ne, M20x1.5, haka ma na Toyota 86 da Subaru BRZ, waɗanda filtarsu ke sama a sarari. Toyota da yawa na da can kuwa zaren inci ne, 3/4-16. Bambancin kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, don haka na milimita kan hau kan na inci ya yi kamar ya kama, sai mota ta ɗauki gudu ya kuɓuce. Masu BMW E36 da E46 su sani wannan faifai ba nasu ba ne, filtarsu ta takarda ce a cikin gida, sai dai murfi ko gidan filta na musamman.

Faifan nan a sayi mai tamostat. Na san a nan za a yi mini ca, domin mun saba da cire tamostat daga mota ranar da ta sauka, wai ta ƙasar sanyi ce. To, a tsaya a ji yadda ta mai take aiki. In inji na da sanyi, tana barin mai ya wuce filta kai tsaye, kaɗan ne ke zagawa ta kula. In ya kai wajen digiri 80, kakin da ke cikinta ya kumbura ya rufe gajeriyar hanyar, sai dukan mai ya bi ta kula. Ba ta hana sanyaya komai, jira kawai take lokaci ya yi. In babu ita, da asubahin hunturu a Kano ko Jos, mai zai daɗe a digiri 60 ko 70, da kauri, ruwa ya taru cikinsa, ka buɗe murfi ka ga farin kumfa kamar madara. Ga kuma matsi, domin mai mai sanyi kan kai bar 6 ko fiye a ma'aunin matsi, kuma duk wannan nauyi kan kula da tiyo zai sauka tun daga tayarwa.

Tiyo shi ne inda injuna ke mutuwa. Ga inji mai lita 3 zuwa sama a yi amfani da tiyo mai lambar girma AN-10, mai faɗin ciki wajen milimita 14. AN-8 na ƙananan injuna ne. Dole ya zama tiyon da aka yi don mai mai zafi, wanda aka rubuta yana ɗaukar digiri 150, da mahaɗansa masu zare. Tiyon ruwa ko na fetur da aka ɗaure da kilif mai sukurudireba zai yi mako biyu lafiya, ranar da roba ta yi laushi ya zame. Famfon mai a gudu yana tura lita da yawa a minti, lita biyar ɗin nan ba za su kai minti ɗaya ba sun kwarara a kwalta, wani ma kan tayar gaba ko kan salansa mai zafi. Kafin direba ya lura da jar fitila aikin gama ya gama.

Wajen yanka tiyo mai saƙar waya, a naɗe wurin da salatif tamau, a yanka a tsakiyar salatif ɗin da zarto mai ƙananan haƙora don kada wayar ta barbaje, a wanke cikinsa, a hura iska. A shafa baƙin mai a zare da cikin bakin tiyo kafin a murɗa mahaɗi, a kuma yi alama a jikin tiyon daidai gindin noti. In an gama aka ga alamar ta ja baya fiye da milimita biyu ko uku, tiyo ya zame, a kwance a sake. Bakin mahaɗin AN a karkace yake digiri 37, ƙarfe kan ƙarfe yake kamawa, don haka farin tef na masu famfo ba shi da aiki a nan, gutsurensa ma shiga mai yake. Gwiwa kuma a zaɓi mai lanƙwasa a hankali, mai kusurwa tsaye tana cin matsi.

A cire bamba da murfin ƙasa. Kula ta zauna a bakin shigar iska, gaban kwandensa, ba ta taɓa shi, kuma a 370Z a lura da ƙaramar kular man sitiyari da ke wurin tun asali. A ɗaure ta sama da ƙasa a jikin ƙarfe mai ƙarfi da roba a tsakani, domin alminiyom ba ya son girgiza, hanyoyinmu kuwa kowa ya san su. Kada a ratsa igiyar roba ta cikin kwandensa a ce an ɗaure. Bakunanta su kalli sama, ko kuma gefe, mai na shiga ta ƙasa yana fita ta sama, yadda iska ba za ta maƙale ciki ba. In sun kalli ƙasa, layukan sama kan riƙe iska, ka biya kuɗin layi 25 kana amfana da 15. A toshe gefunan da ɗan kwano ko soso mai jure zafi, domin iska ma mai son sauƙi ce, in ta sami hanya ta gefe ba za ta ratsa kula ba. Raga a gaba tana tare tsakuwa.

A wajen faifai, a tabbata tsohuwar robar filta ba ta manne a jikin inji ba, a shafa wa sabuwa mai, a juya faifan yadda tiyo zai fita ba tare da ya tanƙware ba, a ɗaure notin tsakiya da sifana mai awo gwargwadon abin da takardarsa ta ce. Masu ƙirar 2012 zuwa sama su auna wuri, domin kular ruwa tana gindin filta, faifai zai ƙara tsawo, kada filta ta sauko inda dutse zai same ta. A bakin kula sifana biyu ake sawa, ɗaya na riƙe ɗaya na ɗaurewa. Da sifana ɗaya bakin kan tsage, tsagewar da ba a gani sai ta yi zafi. Tiyo ya yi nesa da salansa, da bel, da fanka, da inda taya ke kaiwa in an karya sitiyari har ƙarshe. A riƙe shi da kilif mai roba kowane taƙi ɗaya ko biyu, a bar ɗan sassauci tsakanin inji da jikin mota tunda inji na motsi. Saƙar wayar nan kamar zarto take, in ta jingina da wayar lantarki ko bututun AC sai ta cinye shi.

Tayarwar farko ba a yin ta da garaje. Dabara ita ce tun kafin a fara aiki a zare fiyus ɗin famfon fetur a bar inji ya mutu da kansa. In an gama, a cika kula da filta da mai gwargwadon iko, a ƙara wa inji rabin lita zuwa lita ɗaya bisa abin da ya saba sha, a yi ta ba shi sitata daƙiƙa goma-goma ana hutawa har fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da fiyus a tayar, wani na durƙushe da tocila yana duba kowane mahaɗi, bamba na ajiye tukuna. A bar shi ya haura digiri 80. In tamostat ta yi aikinta, tiyo biyun za su yi zafi, na dawowa bai kai na tafiya ba. A kashe, a jira minti goma, a duba geji, domin yanzu ne kula ta sha rabonta. Wanda ya auna matsin mai kafin aiki ya sake aunawa a zafi ɗaya da juyi ɗaya. Ƙaramin ragi ba komai, amma in ya faɗi sosai a nemi tiyon da ya tanƙware ko mahaɗin da ya yi ƙanƙanta.

Bayan kilomita ɗari ko biyu a sake bin notuna, a shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin kowane mahaɗi. Ƙurar hunturu na son wurin da mai ke tsattsafowa, duk inda aka ga ta yi baƙin dunƙule a jikin kula ko tiyo, akwai yoyo a wurin. Ganyen kula a wanke shi da ruwa mara ƙarfi, daga baya zuwa gaba in hannu na kaiwa, kuma a gaya wa yaran wankin mota kada su kafa masa bakin injin feshi, yana kwantar da ganyen.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani makaniki mai karanta jaridarku, daga Kano.