Wasiƙa zuwa ga ɗana kan abin da ya rubuta a Facebook

Tudun Wada, Zariya.

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mutanen gida duk lafiya, mahaifiyarka na gaishe ka.

Ƙanenka ya nuna mini abin da ka rubuta kan rashin ruwa a unguwarmu. Farkonsa ya yi mini daɗi, don gaskiya ka faɗa: famfo ya ƙafe, kullum sai an tsaya a ƙofar gida ana jiran masu kurar ruwa, jarka kuma tana ta ƙara tsada. Amma da ka gangaro ƙasa sai ka bar ruwa ka koma kan uban mutumin da ke da alhakin samar mana da ruwan, ka ce masa ɗan bayi, har ka tono garin da kakanninsa suka fito. Nan raina ya ɓaci.

Ka san abin da ya biyo baya? A majalisar bakin masallaci bayan magariba ba mai zancen famfo yanzu, zancen zaginka ake yi. Wanda ya kamata a tsare da tambaya, shi ake zuwa ba haƙuri. Da bakinka ka buɗe masa hanyar sulalewa.

Ba cewa nake ka yi shiru ba. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, ko da yake sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare zaman lafiya da haƙƙin wasu, kuma an sha tsare matasa da 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Garinmu ma ba baƙon magana ba ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Samaru marigayi Dakta Bala Usman ya yi shekaru yana ƙalubalantar gwamnatoci, har na soja, kuma abin da ya sa ake shakkarsa shi ne hujja da takardu da yake riƙewa.

Amma ba tsoron kamu nake so ya tsayar da kai ba. Da Allah Ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, cewa Ya yi su gaya masa magana mai laushi. Suratul Hujurat kuma ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Ka zagi asalin mutum, ka zagi dubban da ba su ci ba, ba su sha ba. Kana ƙarami a Nuwamban 2002, lokacin da rubutu ɗaya a jarida kan gasar sarauniyar kyau ya tayar da Kaduna, mutum sama da 200 suka rasu. Marubuciyar ta taɓa abin da bai kamata ba, amma waɗanda suka ɗauki makami ba su da uzuri, don zagi ba ya halatta jini.

Ka goge wannan sakin layin yau, ka nemi afuwarsa a fili, inda ka zage shi. Sannan ka sake rubuta tambayarka da zafinta: nawa aka ware, wa aka ba kwangila, yaushe za a gama? Idan ka zo Sallah mu tara dattawan unguwa mu kai masa takarda da hannunmu, zan sa hannu a gabanka.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.