A lissafa kuɗin riƙon rijiyar burtsatse tun kafin a haƙa ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mu yi magana a kan wani abu da duk mai bin hanyoyin ƙauyukanmu ya saba gani. Tanki ne a bisa ƙafafun ƙarfe, ga allon sunan aiki da na wanda ya kawo shi, ga kawunan famfo shida a jere sun yi tsatsa, awaki na kwance a inuwar tankin, yara kuma na wucewa da jarkoki zuwa tsohuwar rijiyar bayan gari. Da an tambaya sai a ce an ci kuɗin. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa an yi aikin, an buɗe shi da kiɗa da jawabi, ya ba da ruwa shekara ɗaya ko biyu, sannan ya tsaya, domin tun farko babu wanda ya zauna ya lissafa abin da riƙonsa zai ci.

Mai doki ya san kuɗin saye shi ne ƙaramin nauyi. Harawa da dusa da kanwa da ladan ɗan barga su ne ke jiran sa kullum. Haka injin ruwa yake. Abin da injiniyoyi ke kira lissafin kuɗin tsawon rayuwar aiki shi ne a tara kuɗin saye da kafawa, da na mai ko wuta, da na sabis, da na kayan da dole a sauya kafin wa'adi ya cika, da asarar kwanakin da aikin zai tsaya, sannan a cire ɗan abin da ragowar kayan za su kawo in an sayar. Rundunar sojin Amurka ce ta fara ɗaukar wannan lissafi da muhimmanci a shekarun 1960, bayan ta lura cewa riƙon kayan yaƙi yakan ci fiye da kuɗin sayensu. Ba ya buƙatar kwamfuta. Takarda da biro sun isa, kuma ga yadda ake yin sa.

A ce gari ne mai mutum 1,000, kowa na buƙatar lita 20 a rana, wato lita 20,000. A ce daga inda ruwa ke tsayawa a cikin rijiya lokacin da ake ja har zuwa bakin tanki, haɗe da tirjiyar bututu, mita 60 ne. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita ɗaya yana cin kilowat-awa 0.0027, don haka aikin yini guda ya kama kilowat-awa 3.3. Sai dai sumo, wato injin da ake ratayewa a cikin rijiya yana turo ruwa sama, ba ya mayar da duk wutar da ya sha ta zama ruwa; ƙananan sukan yi asarar rabi ko fiye. Wutar da ake buƙata ke nan ta haura kilowat-awa 7 a rana, wato sumo mai kilowat ɗaya da rabi yana zuba lita 4,000 a awa har tsawon awa biyar.

In janareta za a sa, ba a sayen mai ƙarfi daidai da sumon, saboda a daidai lokacin tashi motar sumo tana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita. Shi ya sa ake sayen mai kVA 5, sannan ya yini yana aiki da kusan sulusin ƙarfinsa, kuma a irin wannan hali injin dizal ya fi ɓarnar mai, yana tara baƙin maiƙo a salansa. Irin wannan zai sha kimanin lita huɗu a awa biyar, lita 1,460 a shekara. Awoyin aikinsa 1,825 ne a shekara, kuma in za a juye baƙin mai da filta duk bayan awa 250, sabis bakwai ke nan aƙalla. In sola ce, da ranar da muke da ita a Arewa farantai huɗu masu wat 550 sun isa, har da rarar da za ta rufe ƙurar hunturu da hadarin Agusta.

Kuɗin da za mu sa yanzu misali ne don a ga hanyar. Mai karatu ya cire su ya sa farashin kasuwar garinsu na yau. A ce janareta da sumo da waya sun tashi naira miliyan 2.5, kayan sola kuma da turakunsu da kwantarola (na'urar da ke daidaita wutar farantai kafin ta isa sumo) da shinge da ƙarin tanki miliyan 6. Duk wanda ya tsaya a nan janareta zai ɗauka. To a ce litar dizal naira 1,300 ce, kowane sabis 30,000: mai da sabis sun kai miliyan 2.1 a shekara. Sola kuwa a ba ta 400,000 a shekara na maigadi da wanke farantai da zuwan mai gyara.

Ba a tara kuɗin shekaru haka kai tsaye, domin nairar da ke hannu yau ta fi wadda za a kashe nan da shekara goma nauyi, tunda ta yau ana iya juya ta. Wannan ba bashi da ruwa ba ne, ma'auni ne kawai na daidaita kuɗin yau da na gobe. Ana rubuta komai da farashin yau, sannan a rage darajar kuɗin gaba da wani kaso, a ce goma cikin ɗari kowace shekara. Da wannan ma'auni, abin da ake kashewa duk shekara har shekara 15 ana ninka shi da 7.6 ne maimakon 15. Abin da za a kashe sau ɗaya a shekara ta biyar a ninka shi da 0.62, na shekara ta takwas da 0.47, na ta goma da 0.39.

Mai da sabis na janareta sun zama miliyan 16. Ƙaramin janareta mai irin wannan aiki da wuya ya wuce shekara biyar zuwa shida, don haka a sa sabo na miliyan 1.5 a shekara ta biyar da ta goma, su biyun miliyan 1.5 a darajar yau, da sabon sumo na miliyan ɗaya a shekara ta takwas, kusan rabin miliyan. Jimla miliyan 20.5. Sola: miliyan 6 na farko, miliyan 3 na kulawa, da sauya sumo da kwantarola na miliyan 2.5 a shekara ta takwas, wanda ya koma miliyan 1.2. Jimla miliyan 10.2, kuma farantan suna nan da sauran rai, tunda nagari akan ba su garantin shekara 25. In aka raba kowace jimla da 7.6 don a samu kuɗin shekara guda, sannan aka raba shi a kan jarka mai lita 25, wadda garin zai ɗebi 292,000 a shekara, ruwan janareta ya kama kimanin naira 9, na sola bai kai naira 5 ba. Ba mu sa kuɗin haƙa da ladan mai tsaron famfo ba, domin ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma ga shi a lamba.

Kada a fahimce mu da cewa sola ce amsa a ko'ina. Mai aikin gini da ke son ruwa na wata shida janareta ya fi masa, haka ma inda ba za a iya tsare farantai daga ɓarayi ba. Abin da muke nema a yi lissafin, sannan a jijjiga shi a gani: in mai ya ninka fa? In sumo ya mutu a shekara ta huɗu fa? Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki naira, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Rijiyoyin da ke kan ƙananan injinan fetur su suka fara jin jiki.

Yawancin abin da ke rusa lissafin nan a ranar kafawa ake shuka shi, wurin tsimin kuɗi kaɗan. Babba shi ne tsallake gwajin ja. Ya kamata a ja ruwa awa 24 ba tsayawa, ana auna saukarsa da saurin dawowarsa, kafin a zaɓi sumo. A ƙasa mai dutse irin ta kudancin Kano da Katsina da yawancin Kaduna, ruwa a tsagogin dutse yake, rijiya da yawa ba ta kai lita 4,000 a awa, ba kamar ƙasar rairayi ta yankin Tafkin Chadi ba. In aka sa sumon da ya fi ƙarfin rijiya, sai ya zuƙe ruwan ya riƙa juyawa a bushe, alhali ruwan nan shi ke sanyaya motarsa. Haka take ƙonewa. Na'urar da ke kashe shi in ruwa ya sauka ba ta kai komai ba a kan kuɗin sumo, amma ita aka fi cirewa. Haka in ba a zuba tsakuwar tacewa yadda ya kamata ba, ko ba a wanke rijiyar da iska har ruwa ya yi garau ba, yashi zai cinye fukafukan sumo a hankali, ruwa na raguwa mai na nan yadda yake.

Bututu ma haka. Lita 4,000 a awa cikin bututun inci ɗaya tana ƙara nauyin da ya kai mita 20 a kowace mita 100 ta tsawo, a inci ɗaya da rabi kuwa bai kai mita uku ba. Wanda ya yi tsimi a nan ya ƙara wa garin kusan sulusin kuɗin mai har ƙarshen rayuwar aikin. Sai haɗin wayar da ke cikin ruwa da aka naɗe da salatif maimakon a rufe shi da ƙaron haɗi, da siririyar waya da ke rage ƙarfin wuta, da rashin wayar ƙasa da ke sa tsawar damina ɗaya ta tafi da kwantarola. Batir kuwa, in ba dole ba, a bar shi. Irin mai ruwan asid yakan rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin zafi na digiri goma sama da 25, kuma kowa ya san bazararmu. Fitilun titi na sola da suka mutu a jere shaida ne. A ajiye ruwa a tanki, ya fi ajiye wuta sauƙi.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ce a ba da kwangila ga tayi mafi rahusa bayan tantancewa, kuma jihohi na da irin tasu. Roƙonmu ga hukumomin samar da ruwa da tsafta a karkara na jihohi (RUWASSA), da 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu, da bayin Allah masu haƙa rijiya don sadaka, shi ne tantancewar ta haɗa da kuɗin shekara 15. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya miƙa wa kwamitin ruwa na garin sakamakon gwajin ja, da takardar da ke nuna samfurin sumo da zurfin da aka rataye shi, da jadawalin abin da za a sauya da shekarar sauya shi. Da wannan jadawali kwamiti zai yanke kuɗin jarka. A misalinmu, miliyan 2.5 na shekara ta takwas in aka raba shi wata 96 ya kama naira 26,000 a wata, ɗan sama da naira ɗaya a kan kowace jarka. Tunda kuɗin ajiya na zagwanyewa, a sake duba farashin jarkar duk shekara, kuma da zarar asusu ya kai kuɗin kwantarola a saye ta a ajiye a hannun mai gari, da rasit da sa hannun mutum uku na kwamitin.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Daga wasu injiniyoyin ruwa, Kano