Wasiƙa a kan wasan gano wanda ya yi kisa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya, ina sanar da kai cewa kwalin da na ba ƙaninka ya kawo maka wasa ne da ake kira Cluedo. Na san halinka, da zarar ka buɗe ka ga ’yar wuƙa da igiya da bindiga za ka ce me ya haɗa yara da kayan kisa, don haka ka karanta bayanina kafin ka jefa shi saman durowa.

A nan Birmingham inda nake zaune aka ƙirƙiro shi. Wani makaɗin fiyano mai suna Anthony Pratt ne ya tsara shi a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa’ad da tsoron bama-baman Jamus ya tsare mutane a gida da dare, matarsa Elva kuma ita ta zana allon. Ya nemi a yi masa rajistar wasan a 1944, amma ƙarancin kayan aiki bayan yaƙi ya sa sai a 1949 kamfanin Waddingtons na garin Leeds ya fito da shi kasuwa. Rabin sunan daga lido aka ɗauko shi, lidon nan da muka sha bugawa a zaurenku, ɗaya rabin kuma daga kalmar Turanci clue, wato alamar da ke kai mutum ga gano gaskiya, shi ya sa a Amurka, inda ba su saba da sunan lido ba, Clue kawai suke ce masa.

Ga yadda ake yinsa. An kashe mai gida a wani katafaren gida mai ɗakuna tara, ana zargin mutum shida, makaman da ake zato kuma shida ne, har da sifana da mazaunin kyandir. Kowanne yana da katinsa, 21 ke nan. Kafin a fara, za a zare kati uku a rufe, mutum ɗaya da makami ɗaya da ɗaki ɗaya, a sa a ambulan, a raba sauran 18 ga ’yan wasa. Idan ka lissafa, amsar tana iya zama ɗaya daga cikin 324. Kana jefa ɗan lido ka shiga ɗaki, sai ka ce kana zaton wane ne ya yi kisan a wannan ɗakin da makami kaza, wanda ke hagunka kuma, in yana riƙe da ɗaya daga cikin ukun, dole ya nuna maka shi a ɓoye. In ba shi da ko ɗaya, tambayar ta wuce ga na gaba.

Abin da ya ɗauke ni wata guda kafin na gane shi ne, mai jiran a nuna masa kati kawai ba ya cin wasan nan. Mai ci shi ne wanda ke kasa kunne ga tambayoyin sauran mutane, yana rubuta wa ya ce ba shi da shi, wa kuma ya nuna. ’Yata mai shekara goma sha ɗaya ce ta koya mini wannan, domin takan ambaci kati biyu da ke hannunta da gangan, in kowa ya yi shiru ta tabbata na ukun yana cikin ambulan, mu kuwa ta bar mu muna bin sawun banza. Ni da gaggawa ta yi wa yawa, sau biyu ina yanke hukunci in leƙa ambulan in ga na yi kuskure, kuma dokar ita ce wanda ya yi zargin ƙarshe ya faɗi ya fita, sai dai ya zauna yana nuna wa mutane kati.

Aibinsa ɗaya a wurina: jefa ɗan lido yakan bar mutum a farfajiya tsakanin ɗakuna yana ɓata zagaye, sai dai akwai hanyoyin sirri da suka haɗa ɗakunan kusurwa, ka riƙa amfani da su. Ku yi shi ku huɗu ko biyar, ya fi armashi, sannan ka ɗauki hoton takardar da ake rubuta katunan da aka gano a kanta ka buga da yawa, domin ta cikin kwalin ba ta daɗewa.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, ka kuma rubuto mini wanda ya fara cinye ka a cikinsu.

Naka,
Amininka na Birmingham